Maganar Cikin Ruwa

Na daɗe ban yarda da labarin da ake bayarwa a kanmu ba. A jami'ar da na yi karatu, can ƙetaren teku, malamai suna son kawo ƙasarmu Iceland misali: bankunanta suka durƙushe, mutane suka fito da tukwane da ludaya suka tilasta wa gwamnati sauka, sannan aka tara talakawa suka faɗi irin tsarin mulkin da suke so. Duk lokacin da aka zo wurin sai ɗalibai su juyo su dube ni kamar ni na rubuta. Ni kuwa a raina cewa nake an dai samo hanyar da jama'a za su huce: an ba su kofi da katin rubutu, sun yini suna zuba, an gode musu, kowa ya koma gida bai rasa komai ba. Da wannan ra'ayi na dawo garinmu, Kaldeyri. Ashe akwai wadda ta rasa, kuma tun ina firamare nake cin girkinta.

Sunanta Aldís Ketilsdóttir, amma Dísa kowa ya sani. A garin aka haife ta, a gidan ƙarshe kafin a hau dutse. Tun tana budurwa ta shiga masana'antar gyaran kifi, ta tsaya a gaban teburin da uwarta ta tsaya, wuƙa a hannu, ruwan sanyi har gwiwar hannu. Ta auri mai ƙaramin jirgi, suka haifi ɗa ɗaya, Torfi. Mijin a kan gadonsa ya rasu, abin da a garin masunta ake ɗauka sa'a ce.

A wancan zamani garin yana da babban jirgi guda, shi ke ciyar da masana'anta, masana'anta ke ciyar da kowa. Wata shekara masu shi suka sayar wa wani kamfani na wata gaɓa. Ba ƙarfen jirgin aka saya ba, kason kifin da doka ta liƙa masa aka saya. Ya fita da safe kamar kullum, bai sake shigowa ba. Kifi na nan fal a bakin mashigin teku, ana hango tsuntsaye suna shawagi a kansa, amma mutumin Kaldeyri ba shi da ikon taɓa shi sai ya yi hayar kaso daga wanda bai taɓa taka garin ba. Masana'anta ta rufe. Dísa ta koma girki a makaranta, inda ta riƙa gane halin da gari ke ciki daga tukunyar miya: ta ajiye babbar ta ɗauko matsakaiciya, daga baya ita ma ta yi yawa.

Abin da bai rufe ba shi ne kwarmin ruwan zafi da ke bayan wurin ninƙaya. Da sassafe manyan gari ke shiga, su zauna ruwa iya wuya, tururi na tashi, dusar ƙanƙara na sauka a kan gashinsu. Sai ka tuɓe ka yi wanka tas kafin ka shiga, don haka babu mai shigowa da kwat ko muƙami. Fasto da mai kwashe shara gwiwa da gwiwa suke zama. A nan ake cinikin raguna, a nan ake sasanta rikicin makiyaya, a nan ake nema wa saurayi gurbi a jirgi, kuma ba a rubuta komai. Tsofaffi sun ɗauka cewa wanda ya faɗi magana a cikin ruwa, ba riga a jikinsa, ga mutane na ji, ba shi da inda zai ɓoye ta daga baya. A iya sanin Dísa, ba a taɓa samun wanda ya ce zai yi a kwarmi ya fita ya ce bai faɗa ba.

Torfi ya gaji jirgin ubansa, yana fita da kason haya, yana dawowa da abin da bai taka kara ya karya ba. Matarsa Vala ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Reykjavík, wato 'yar Kudu kamar yadda muke cewa. Suna da 'ya ɗaya, Lóa, wadda ta koyi tafiya a ɗakin girkin makaranta tana riƙe da siket ɗin kakarta.

Lokacin da bankuna suka faɗi, mutanen Kaldeyri a talabijin suka kalli masu kaɗa tukwane a ƙofar majalisa.

"Na ga 'yan Kudu sun gano amfanin tukunya," in ji Hjalti, tsohon kyaftin ɗin jirgin da aka sayar, wanda ya fi kowa daɗewa a kwarmi ya kuma fi kowa baki. "Da ma ba girki suke yi da ita ba."

Aka yi dariya, aka bar zancen. Babu wanda ya zaci abin zai iso garin. Sai ga shi bayan gwamnati ta sauya an ce za a tara 'yan ƙasa kusan dubu su faɗi abin da suke so a gina sabon tsarin mulki a kai, kuma kwamfuta ce za ta jefa ƙuri'a cikin sunayen kowa da kowa. Ƙuri'a ta faɗa kan Dísa.

"Ke?" in ji Hjalti. "Duk faɗin ƙasar nan kwamfuta ta rasa wanda za ta ɗauko sai mai miyar da ba gishiri?"

"Miyar da ba gishiri ce ta raini 'ya'yanka, tsohon banza, ga su nan duk sun fi ka hankali."

"In kin je ki ce su dawo min da jirgina."

"Shi zan faɗa," in ji ta, kuma babu wasa a fuskarta.

Ta sa rigar ulun da ta saƙa da hannunta ta tafi Kudu. Zauren taron ya fi cocin garinsu girma sau ba adadi, an cika shi da tebura, kowane tebur da 'yan mutane kaɗan waɗanda ba su san juna ba. A nata akwai wata lauya, da direban tasi, da ɗalibar da aka huda wa hanci. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowa ya rubuta jimla ɗaya a kati, ya karanta, ba a katse shi, ba a yi masa musu. Dísa ta daɗe tana juya biro. Da layi ya zo kanta ta karanta: "Kifin da ke cikin teku na kowa ne. A ba da aronsa, kada a sayar."

Lauyar ta ce mata ta yi musu bayani. Sai ta ba su labarin jirgin da ya fita bai dawo ba, da tukunyar da ta yi yawa. Tana magana tana jiran wani ya dubi agogo, babu wanda ya duba. Direban tasin ya ce garinsu na gabas haka aka yi masa, shi ya sa yake tuƙa tasi. Aka ɗauki katin aka liƙa a bango cikin waɗanda teburin ya zaɓa. Ta kai shekara sittin a duniya, amma ranar ce ta farko da baƙi suka yi shiru don ta yi magana.

Ta dawo da wata irin himma a jikinta. An kafa wani kwamitin 'yan ƙasa, ba 'yan majalisa ba, da zai rubuta daftarin, kuma duk abin da suka rubuta sai su sa a intanet kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Dísa ta tattaro ƙungiyar matan Kaldeyri, waɗanda a da aikinsu toye-toyen zaman makoki ne da tara wa coci labule, ta mayar da su masu karatun daftari. Duk mako suna haɗuwa a zauren coci, Vala na gaban kwamfuta tana buga abin da aka tsayar. Maza suka fara leƙowa wai kofi suka zo sha, har suka fi matan gardama. Wata rana ɗaya daga cikin masu rubutun ya amsa musu, ya kira ƙungiyar da sunanta, ya ce an duba maganarsu. Aka sa Vala ta karanta amsar har sai da ta gaji.

Da daftarin ya kammala a tsakiyar bazara, ga sashen nan a ciki: albarkatun ƙasa da na teku mallakar al'umma ne har abada, ana ba da izinin amfani na wani lokaci, ba a sayarwa. Dísa ba ta taɓa cewa katinta ne ba, ta san dubbai sun faɗi haka. Amma ta karanta sashen a tsaye, sannan ta zauna ta sake karantawa.

A makon ne Vala ta zo ta same ta a kicin. An rage wa asibitin garin ranakun aiki, ita kuma ta samu gurbi a wani asibiti a arewacin Norway, har da gida. Torfi ma an ce akwai aiki a jirgi in ya zo. Za su sayar da jirgin su tafi kafin makarantu su buɗe.

"Yanzu?" in ji Dísa. "Ke da hannunki kika buga mana maganar nan. In ta wuce za a sake rabon kaso, kuma mai jirgi a ruwa ne zai samu. Wanda ya sayar fa?"

"In ta wuce, Dísa. Ni ban ƙi ba. Amma Lóa ba za ta ci daftari ba."

Dísa ba ta yi musu ba, don ta san wanda za ta tambaya. Kolbeinn ɗan ƙanenta ne, ita ta raine shi lokacin da uwarsa ke aikin masana'anta, yanzu kuwa ɗan majalisa ne a ɓangaren masu mulki. Duk bazara yana zuwa gida hutu, kuma kamar kowane ɗan gari, da safe kwarmi yake nufa.

"Kolli, matso nan," ta ce da shi washegari.

Ya matso, ruwa na kaɗawa. "Gwaggo, kin tsufa amma muryar na nan."

"Kai kuma ka aje tumbi, kujera ta karɓe ka. Tambaya ɗaya zan yi maka. Takardar nan za ta wuce ko ba za ta wuce ba?"

"To, kin san yanzu an miƙa wa majalisa, akwai kwamitin da zai duba, daga nan kuma ya danganta da yadda ɓangarori..."

"Ya fara yaren Kudu," in ji Hjalti. "Wani ya kira tafinta."

Aka kwashe da dariya, har shi Kolbeinn ɗin. Dísa ce kaɗai ba ta yi ba.

"Ba a rediyo kake ba, Kolli. Torfi zai sayar da jirgin ubansa ya bar ƙasa da 'yarsa. In ce masa ya jira, ko in ce ya tafi?"

Kolbeinn ya dubi fuskokin da suka san shi tun yana yawo da majina. Ya shafa ruwa a fuska.

"Za ta wuce kafin wa'adin majalisar nan ya ƙare. Muna da rinjaye. Na faɗa miki."

"A cikin ruwa ka faɗa."

"A cikin ruwa na faɗa, Gwaggo."

Gashinta bai gama bushewa ba ta isa bakin gaɓa. Torfi na durƙushe yana warware igiya. Ta gaya masa yadda aka yi da waɗanda suka ji. Shi ma ɗan Kaldeyri ne, da maganar kwarmi aka ba shi gurbinsa na farko a jirgi.

"Hjalti na wurin?"

"Yana wurin. Da fasto."

"To," in ji shi.

Vala ce ba ta ce to ba. "Ni ba 'yar garin nan ba ce, Dísa, ban san ruwan zafi yana ɗaure bakin mutum ba. Kolli mutum ɗaya ne cikin 'yan majalisa sittin da wani abu. Sauran a wane kwarmi suka yi miki alkawari?"

"Hunturu ɗaya nake roƙo, 'yata. Ɗaya tak."

A ƙarshe aka raba biyu. Vala za ta yi gaba da Lóa, don gurbin ba zai jira ba. Torfi zai zauna da jirgi hunturu ɗaya. In ta wuce, su dawo. In ba ta wuce ba, ya bi su. Ranar tafiya Dísa ta ja wa Lóa hular ulu har kunne, yarinyar na cewa, "Kaka, ki ajiye min cokalina, kada ki ba Baba." Motar ta hau hanyar dutse. Dísa ta tsaya har ta daina ganin fitilarta ta baya, tana gaya wa kanta cewa ta riƙe igiyar da za ta jawo su gida.

Hunturun ya zo, rana ta ɓuya bayan dutse kamar yadda ta saba, ta daɗe ba ta leƙo garin ba. A Kudu ana ta magana. Yau a ce masana za su duba, gobe a ce ana gardama a kan yadda za a yi gardamar. Torfi ya koma cin abinci gidan uwarsa, bayan an kwashe kwanuka ya shiga ɗaki da waya. Da farko tana jin dariyarsa ta bango. Daga baya sai ta riƙa jin shiru mai tsawo, sannan "to, sai gobe".

Da bazara ta kewayo Vala ta kawo Lóa hutu. Yarinyar ta yi tsawo, tana jefa kalmomin can cikin magana, in an kasa ganewa ta yi fushi. Vala ta jira har aka fita da ita, sannan ta ce, "Hunturu ɗaya aka ce."

Da a ranar ba wani labari, da Torfi ya bi su. Amma a lokacin an riga an sanar za a yi ƙuri'ar raba gardama kafin sanyi ya shigo, a tambayi 'yan ƙasa kai tsaye ko suna son daftarin, da kuma ko sun yarda albarkatu na al'umma ne. Dísa ta dubi ɗanta, ba ta dubi Vala ba.

"In jama'a suka ce e, wa ya isa ya ce a'a? An zo ƙarshe, Torfi. Za ka sayar ana saura taki kaɗan?"

"Kai nake aure, Torfi, ba majalisa ba," in ji Vala a hankali. "Ka yi magana."

Ya ce zai zo da zarar an gama. Vala ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga haɗa kaya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta buga ƙofa ba, kuma Dísa ta ɗauki hakan a matsayin yarda.

Ta yi aikin ƙuri'ar nan kamar ranta ne a ciki. Ita da matan ƙungiya suka bi gida-gida, har gonakin da ke can ƙarshen mashigi, suna shan kofin da ba sa so don a saurare su. Ranar zaɓe ta ari motar makaranta ta kwaso tsofaffin da ba sa iya takawa. Aka ce e, kuma a kan tambayar albarkatu rinjayen ya wuce yadda kowa ya zata. A zauren coci har Hjalti ya rungume ta ya ce daga yau miyarta ta yi gishiri. Tana cikin hayaniyar ta hango Torfi ta taga, yana tsaye a waje, waya a kunne, yana jira. Ta ga ya sauke ta ya sake bugawa. Sai wata ta ja hannunta aka shiga waƙa.

Hunturu na biyu ya fi na farko tsawo. Ranar da rana ta sake leƙowa ta saman dutse, kowane gida ya toya siririn fanke aka sha kofin rana, kamar yadda ake yi duk shekara. Dísa ta toya, ta aje cokalin Lóa a tebur, Torfi ya dube shi ya kau da kai.

Labarin da safe ya same ta, a ɗakin girkin makaranta, tana feren dankali. Rediyo ya ce majalisa ta tashi don a tafi zaɓe, kuma daftarin bai zo gaban ƙuri'a ba. Ba a ƙi shi ba, ba a karɓe shi ba, ba a dai kira shi ba. Daga nan aka shiga hasashen yanayi. Dísa ta ci gaba da fere. Sai da shugabar makaranta ta leƙo ta ce, "Dísa, wa zai ci wannan duka?" sannan ta ga ta fere abin da zai cika tsohuwar babbar tukunya.

Torfi ya sayar da jirgin ga wani daga wani gari, ya haɗa jaka ɗaya, ya sumbace ta a goshi ya tafi. Ta yi ta jiran waya. Da ya kira, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Na iso, Mama."

"Ya Lóa? Ya Vala?"

"Lóa lafiya lau. Ta yi wayo."

"Vala fa?"

"Mama, kada ki tambaye ni."

A hankali sauran ya iso, ta bakin wasu. Vala ta tarbe shi ta gaya masa ido da ido abin da ta kasa faɗa a waya. Akwai wani, abokin aikinta ne, an ce mutumin kirki ne, kuma Lóa na da ɗaki a gidansa. Torfi bai dawo ba. Ya kama ɗaki a garin, ya samu aiki a gonar kiwon kifi, yana ɗaukar 'yarsa wasu ranakun hutu. Yana kiran uwarsa ranar haihuwarta da Kirsimeti. Bai taɓa cewa ke kika ja ba, ko sau ɗaya, kuma Dísa ta ce da ya faɗa da ta fi samun barci.

Kolbeinn ya zo hutu a bazarar, kuma a yaba masa, bai ɓuya ba. Ya yi wankansa ya sauko kwarmi ya ce, "Barkanku da asuba." Babu wanda ya amsa. Hjalti ya dafa bakin kwarmi ya miƙe, da ciwon gwiwarsa da komai, ya fita ruwa na zuba daga jikinsa. Fasto ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya suka fice, babu zagi babu harara, har ya rage daga Kolbeinn sai Dísa, tururi na tashi tsakaninsu.

"Gwaggo, Allah ya sani da gaske na faɗa. Na zauna ina jira a kira ƙuri'a in danna e. Manya suka shiga ɗaki suka fito, aka ce an tashi."

"Na sani."

"To me ya hana ki fita?"

"Don mu biyu muka yi laifin." Ta ɗebi ruwa ta zuba a kafaɗarta. "A nan in mutum ya ce zai ba ka rago, ragon nasa ne, yana cikin garkensa, kowa ya san shaidar da ke kunnensa. Shi ya sa ba a taɓa saɓawa ba. Kai abin da ka ba ni ba ya hannunka. Ni kuma ban tsaya na tambaya ba, na ɗauka da gudu na kai wa ɗana, gashina a jiƙe."

"Da na ce miki ban sani ba."

"Da ka ce, da ban bar ka ba sai ka faɗi abin da nake son ji. Na san kaina." Ta dube shi. "Vala ta tambaye ni a wane kwarmi sauran suka yi alkawari. Na ce a raina 'yar Kudu ce, ba ta san komai ba."

Kolbeinn ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ruwa. Ta bar shi har ya ɗago, sannan ta ce, "Tashi ka je ka gaida uwarka, tana ta jiranka."

Shekaru sun shuɗe kafin in dawo. Na tarar makaranta ta rufe, 'yan yaran da suka rage mota ke kai su wani gari. Hjalti ya rasu. Ƙungiyar mata na nan, sun ragu, kuma duk shekara sai sun aika Kudu suna tambayar inda aka kwana da daftarin. Dísa ce ke fara sa hannu.

Ranar kofin rana na je gidanta. Rana ta leƙo ta saman dutse ta ɗan taɓa tagar kicin, ita kuma tana juya fanke a kasko. Lóa ta kira ta bidiyo, budurwa ce yanzu. Suka gaisa, kaka na magana a hankali tana maimaitawa, jikar na murmushi tana laluben kalmomin da suka kuɓuce mata. Ba su daɗe ba. Bayan an kashe, Dísa ta tsaya tana kallon baƙin gilashin, sannan ta tura min farantin. A gefensa akwai ƙaramin cokali da ba wanda zai yi amfani da shi.

A ranar ta ba ni labarin nan duka. Na gaya mata abin da na daɗe ina ɗauka, cewa an tara su ne kawai don su huce. Ta ce wataƙila haka ne ga waɗanda suka tara su, amma ita a teburin nan an saurare ta, kuma ba wanda zai karɓe mata wannan.

Na ce, "Da yau ƙuri'a za ta sake faɗowa kanki, Dísa, za ki je?"

Ta rage wutar kasko.

"Zan je. Zan sa rigar nan, in rubuta abin da na rubuta, in bi gida-gida in ƙafafuna sun yarda." Ta ɗauki cokalin ta goge shi da gefen riga. "Amma ni kaɗai zan jira. Torfi zan ce masa ya bi matarsa."